Ranar da Shiru Ta Tashi a Majalisa

Tun tana ƙarama ake ce mata Shiru. Kawunta ne ya raɗa mata sunan, bayan rasuwar mahaifiyarta da ya ɗauko ta ya haɗa da 'ya'yansa, don sai ta wuni a gida ba a ji muryarta ba. Ta girma, ta yi shekaru tana sayar da magani a wani ƙaramin kanti a bakin titi, sunan bai sake ta ba. Da mutanen unguwa suka matsa mata ta tsaya takara, suka kuma zaɓe ta 'yar majalisa, Kawu ya yi dariya har da hawaye.

"Duk masu bakin garin nan," in ji shi, "an rasa wanda za a tura gidan surutu sai ke?"

Kawu tsohon direban bas ne. Shi da matarsa, wadda kowa ke kira Inna, suna zaune a hawa na ƙarshe na wani dogon bene da gwamnati ta gina wa ma'aikata. Ɗaki biyu ne da falo da ɗan madafi, da taga mai kallon babban titi. Da can akwai lifta mai kai mutane sama, amma ta daɗe da mutuwa, har yara sun cika ƙofarta da zane-zane.

A shekarar da Shiru ta shiga majalisa ciwo ya kwantar da Kawu. Ya jima a asibiti, daga baya likita ya tara iyali ya gaya musu gaskiya: babu sauran maganin warkewa, abin da ya rage shi ne a riƙa rage masa raɗaɗi. Kawu ya saurara tsaf, ya yi wa likita godiya, sannan ya ce a ɗauko masa takalmansa.

"In dai jira ne, a gida ma na iya," in ji shi.

Maƙwabta ne suka ɗora shi a kujerar roba suka hau da shi, suna hutawa a kowane hawa, shi kuma yana ta ba su umarni kamar yana koya musu tuƙi. Aka kwantar da shi a falo kusa da taga, aka juyo masa da talabijin. Daga ranar ya sami sabon aiki: kallon zaman majalisa.

Duk yammar da Shiru ta biyo ta gaishe shi, da tsokanar da zai tarbe ta da ita.

"Yau na ga kunnenki na hagu," zai ce, "a bayan wani mai ƙaton kai. Kunnen ya yi ƙoƙari, Allah ya yi masa albarka. Saura baki."

"Kawu, ana koyon abu ne a hankali."

"Ni fa likita bai ba ni a hankali ba."

Inna takan harare shi in ya yi irin wannan maganar, shi kuma ya ƙyalƙyale da dariya har tari ya sarƙe shi.

Zaman gidan ya yi masa daɗi, amma da wahalarsa. Ruwan famfo ba ya kaiwa sama, don injin da ke tura shi ya lalace, sai Inna ta sauka da bokiti. In kuma ciwon ya motsa, babu mai zuwa ya yi masa allura, dole a sake neman masu ɗaukar kujera a sauka da shi, a je asibiti, a dawo a sake hawa. Ba shi kaɗai ba ne. A ƙofar da ke kallon tasu akwai Iya Tela, tsohuwa mai ɗinki, wadda gwiwoyinta suka hana ta sauka tun bara. Kwando take ɗaurewa da igiya ta zura ta taga in za ta sayi burodi.

Wata rana Shiru ta tarar an dawo da Kawu daga asibiti, ya galabaita, Inna kuma na zaune a matakala tana mayar da numfashi, bokiti a gabanta. Shiru ta karɓi bokitin ta ƙarasa da shi. Da ta ajiye, ta zauna a bakin gadon Kawu.

"Akwai ranar tambayoyi mako mai zuwa," ta ce. "Ministoci za su zo, kowa ya tambayi abin da yake so. Amma in na kawo wannan, cewa za a yi na zo da matsalar gidanmu."

Kawu ya buɗe ido ɗaya. "To matsalar gidan wa za ki kai? Ta gidan da ba ki taɓa shiga ba?"

"Ba haka nake nufi ba, Kawu."

"Na san abin da kike nufi. Je ki ƙwanƙwasa ƙofofi. In kin tarar ni kaɗai ne, ki yi zamanki, ki ci gaba da nuna mana kunne."

Ta kuwa je. Ta yi kwanakin hutun mako tana hawa benaye tana sauka, a unguwarsu da maƙwabtanta. Ta ga tsoho mai shanyewar ɓarin jiki da rabonsa da ƙasa har ya manta, ta ga wata mata da ta bar aiki don jinyar mijinta, ba ta ma san yadda ake juya majinyaci ba tare da an ji masa ciwo ba. Ko'ina aka ba ta wurin zama, aka yi ta zuba mata labari, don ita dama gwanar saurare ce. Ta dawo ƙafafunta sun kumbura, bakinta cike da magana.

Sai dai magana a falo daban, a zauren majalisa daban. Don haka Kawu ya ce a yi gwaji. Ya sa aka jingina shi da matasai, aka ba shi cokali da faranti, ya zama Kakakin majalisa. Inna ta zama minista. Aka kamo hannun Iya Tela aka tsallako da ita, aka ce ita ce 'yan adawa.

Kawu ya buga cokali. "Mai girma 'yar majalisa mai wakiltar hawa na ƙarshe!"

Shiru ta miƙe, ta soma magana ƙasa-ƙasa, idonta a kan tabarma.

"Ba ma ji!" Iya Tela ta ɗaga murya. "A zaunar da ita! Ƙarya take yi!"

"Iya, ai ban ce komai ba tukuna."

"An ce in yi adawa, adawa nake yi."

Inna kuma ta gyara ɗaurin ɗankwali, ta kumbura wuya, ta ce gwamnati na sane da lamarin, kuma an kafa kwamiti, kwamitin ma ya kafa nasa kwamitin. Shiru ta yi dariya har ta durƙusa. Aka sake, aka kuma sakewa. Kafin shayi ya huce, muryarta ta fara kaiwa madafi.

Ranar tambayoyi zauren ya cika. Ministoci na jere a kujerun gaba, kowa da mataimakansa a baya. An yi tambaya kan hanyoyi, an yi kan makarantu, an yi cacar baki har Kakaki ya gaji da buga guduma. Can ya duba gabansa ya kira mazaɓar Shiru. Wasu suka waiga suna neman ko wace ce.

Ta miƙe, ta fara magana, ba wanda ya ji komai, don ba ta kunna abin maganar ba. Na kusa da ita ya miƙa hannu ya danna mata. Aka ɗan yi dariya. Ta dafa tebur ta ɗaga kai.

"Mai girma Kakaki, tambayata ɗaya ce, sai dai ban san wanda zan yi wa ita ba. A benayen gwamnati da ke mazaɓata akwai tsofaffi da marasa lafiya da likita ya sallama su ƙarasa kwanakinsu a gida. Ɗaya daga cikinsu kawuna ne, wanda ya rene ni, ba zan ɓoye ba. Suna can sama, lifta ta mutu, ruwa ba ya hawa, kuma in ciwo ya tashi babu nas da za ta zo. A kujera ake sauko da su kamar kaya. Me gwamnati ta tanadar musu?"

Ministan gidaje ne ya fara tashi, mutum mai jiki da fara'a. Ya ce ginin nasu ne, gaskiya ne, amma gyaran lifta da injin ruwa yana hannun ƙaramar hukuma. Ministan ƙananan hukumomi ya ce haka ne, za su duba, amma maganar nas ba tasu ba ce. Ministar lafiya, wata siririyar mata mai tabarau, ta ce ma'aikatanta a cikin asibiti doka ta ajiye su, babu tsarin bin mutane gida.

Kakaki ya dubi Shiru. "Akwai ƙari?"

Zuciyarta na cewa ta zauna, sai ta ji bakinta ya riga ta.

"Na gode musu, mai girma Kakaki, kuma na yarda kowannensu gaskiya ya faɗa. Abin da nake so in sani shi ne, ranar da ciwo ya tashi wa tsoho, a cikin su ukun wa zan kira ya kama mana ƙafar kujera?"

Zauren ya ɓarke da dariya, har da ministocin. Sai dariyar ta yi sanyi da kanta, don wani dattijo daga ɓangaren adawa ya miƙe. Tsawa ake ce masa. Shekarunsa da yawa a majalisa, kuma ba a taɓa jin ya tashi ya yabi maganar wani daga ɗaya ɓangaren ba.

Tsawa ya cire hularsa ya riƙe a hannu.

"Mahaifiyata," ya ce, "ta roƙe ni in kai ta gida. Ta roƙe ni ba sau ɗaya ba. Na ce ta yi haƙuri, don a gida ba mai yi mata allura. A gadon asibiti ta cika, tsakanin labule biyu, tana tambayar ko an ba kajinta ruwa." Ya nuna Shiru da hularsa. "Yarinyar nan ba 'yar jam'iyyarmu ba ce, kuma gobe zan ci gaba da faɗa da su. Amma yau ina roƙon majalisa ta sa ministocin nan uku su bi ta, su je su hau benen da ƙafarsu, su dawo su ba mu amsa guda ɗaya."

Da Kakaki ya nemi masu goyon baya, amsar da aka ba shi sai da ta girgiza tagogi.

A can hawa na ƙarshe kuwa, Kawu ya buga faranti da cokali har ya lotsa shi. Iya Tela ta leƙa ta taga tana sanar da masu wucewa cewa 'yarsu ce a talabijin, Inna kuma ta tsaya a ƙofar madafi tana share ido da gefen zane, shayi na ta tafasa yana zuba a bayanta.

Ministocin sun zo da hantsi, ranar da aka sa. Motocinsu suka cika gaban benen, mutane suka fito baranda suna kallo. Shiru ce a gaba, Tsawa na biye da sandarsa, don ya ce shi ya kawo shawara, ba zai zauna a mota ba. Ministar lafiya ta hau ba tare da ta tsaya ba. Ministan gidaje kuwa tun a tsakiya ya cire babbar rigarsa ya miƙa wa mataimakinsa, ya riƙe ƙarfen matakala da hannu biyu.

"Saura nawa?" ya tambaya.

"Kaɗan ne, ranka ya daɗe," in ji Shiru.

"Haka kika ce ɗazu."

Da suka isa, Kawu na zaune cikin wankakkiyar riga, an taje masa gemu. Ya dubi ministan da ke haki a bakin ƙofa, ya nuna masa kujerar roba.

"Zauna, ranka ya daɗe, wannan ita ce motata. Ba ta da birki, amma ba ta taɓa yin haɗari ba."

Ministan ya zube a kai yana dariya yana fifita da hula. Inna ta kawo musu ruwa a kofuna, ya shanye nasa a tashi ɗaya, ya nemi ƙari. Sai da ya kai kofi na biyu baki ya tsaya, ya dubi bokitin da ke kusurwa, ya dubi Inna.

"Mama, ke kika hau da wannan?"

"Sha abinka, ɗana," in ji ta. "An riga an hau da shi."

Ya sha, amma a hankali.

Ministar lafiya ta nemi izini ta zauna a bakin gadon. Ta ce kafin siyasa ita ma likita ce. Ta tambayi Kawu inda ke masa ciwo, da lokacin da ya fi tsananta, da yadda yake barci. Daga ƙarshe ta ce, "Baba, in da za a ce ka zaɓa, me kake so?"

"Abu mai sauƙi, 'yata. Ina so in ƙarasa a gadona, ina jin ƙarar tukwanen matar nan. In ciwo ya zo, a sami mai zuwa ya lallashe shi. Shi ke nan." Ya nuna ƙofa da haɓa. "Amma kafin ku tafi ku leƙa wurin maƙwabciyata. Ta fi ni baki, ku shirya."

Iya Tela ba ta ba shi kunya ba. Ta tsare ministoci uku da dattijon adawa a ɗakinta, tsakanin keken ɗinki da tarin yadi, ta karanta musu tun daga lifta har zuwa kwandon shara da ba a kwashewa. Ta kuma lura maɓallin rigar Tsawa na lilo, ta sa ya tsaya cak ta ɗinke masa shi a jikinsa, tana faɗa tana ɗinki.

Da suka koma majalisa, amsa guda suka bayar, kuma ministar lafiya ce ta karanta ta a madadinsu. Ba duk abin da aka yi alkawari ne ya zo da wuri ba. Injin ruwa an gyara shi a makon. Lifta kuwa aka ce sai an yi odar wani ƙarfe daga waje, aka yi ta jira. Amma an buɗe wasu tsofaffin ofisoshi da ke ƙasan benen, waɗanda suka daɗe a kulle, aka share, aka yi fenti, aka mayar da su ɗakunan zama don tsofaffi da marasa lafiya. Aka kuma fara gwajin tura nas gida-gida a unguwanni kaɗan, da sharaɗin majalisa za ta waiwayi abin in shekara ta zagayo. Tsawa ya cika alkawarinsa shi ma: mako na zagayowa ya tashi ya yi kaca-kaca da wata shawara da Shiru ta goyi baya, da aka fito kuma ya tsaya a baranda yana tambayarta jikin Kawu.

Ranar ƙaurar su Kawu da Iya Tela zuwa ɗakunan ƙasa, benen ya zama kamar kasuwa. Wannan ya ɗauki katifa, wancan ya rungumi talabijin, mata na miƙa wa juna tukwane daga hawa zuwa hawa. Iya Tela ta ƙi yarda kowa ya taɓa keken ɗinkinta sai tana gani, don haka aka sauko da su tare, ita a gaba a kujera tana waige, keken a baya. Da ƙafarta ta taɓa ƙasa ta ce a dakata. Ta tsaya cikin rana, ta rufe ido, ta daɗe a haka. Sannan ta buɗe ta dubi mai burodin da ke gefen titi.

"Ashe kai ne," ta ce. "Daga sama na ɗauka yaro ne. Ashe har da furfura."

Nas ɗin da aka turo wata ƙatuwar mata ce mai babur da jaka a baya, mai dariya kamar ana buga ganga. Tun zuwan farko suka ƙulla wasa da Kawu. Yana ce mata Mai Allura, tana ce masa Angona. Ta koya wa Inna yadda za ta juya shi da yadda za ta shafa masa mai a baya, ta bar lambar wayarta, ta ce a kira ko da wane lokaci ne. In ta gama da shi sai ta shiga wurin Iya Tela, daga nan ta hau sama wurin sauran.

Kawu ya zarce lokacin da likitoci suka zata. Da safe akan turo shi bakin ƙofa a keken marasa lafiya, bargo a gwiwa. Tsofaffin abokan aikinsa, waɗanda hawan bene ya hana su zuwa, suka dawo da zumunci, suna zama a benci suna gardama kan wanda ya fi iya shan kwana da babbar mota. A filin gaban gidan jikarsa ta koyi keke, yana daga zaune yana ba ta umarni.

"Dubi gabanki, ba ƙafarki ba! Haka! Ke, bar kallon kakarki, ba ita ce hanya ba!"

Ranar da ta zagaye filin ba tare da ta faɗi ba, ya sa duk wanda ke wurin ya tafa mata, har da wani mai gyaran waya da ya zo wucewa bai san abin da ake yi ba.

Ya rasu wata safiya a gadonsa, ba tare da wahala ba. Nas ɗin na wurin, Shiru na riƙe da hannunsa, 'ya'yansa na kewaye, Inna na zaune daidai kansa. An yi kuka, amma masu zuwa gaisuwa sun yi ta mamakin yadda hira ke juyewa dariya, don duk wanda ya buɗe baki sai ya tuno wata tsokana da Kawu ya yi masa.

Da shekara ta zagayo majalisa ta waiwayi tsarin, aka faɗaɗa shi zuwa wasu garuruwa. Inna ta ci gaba da zama a ɗakin ƙasa, ƙofarta na kallon ta Iya Tela. Nas ɗin ba ta da majinyaci a ɗakin yanzu, amma duk ranar da aiki ya kawo ta benen sai ta jingine babur a jikin tagar, ta leƙa.

"Inna, wucewa zan yi, sauri nake."

"Na ji. Shigo ki zauna, shayi ya yi."

Sai ta ajiye jakar ta shiga.